Ranar da Hajiya Ta Gyara Mini Teku

Yarana ne suka jawo mini wannan jidali. Sun kalli fim ɗin Finding Nemo, suka kafe sai an kawo musu kifin nan mai ratsin fari da ruwan lemo. Ni kuma da ba na son a raina ni a gidana, na sayo tankin gilashi mai cin lita 200, na girke a falo, na yi shelar cewa har murjani mai rai zan dasa, a nan cikin Kano.

Tun ran farko na gane ruwan zan yi kiwo, kifi rakiya ya yo. Gishirin miya ba ya yi, sai wani na musamman da ake sayarwa a bokiti, mai haɗe da kalsiyam da magnisiyam. Ruwan famfo ma ba ya yi, sai wanda na'urar RO ta tace. A kowane kilo na ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35, wato madubin awo ya nuna 1.026 ko kusa da haka. Bayan duk wannan sai ka zauna makonni kana gadin tanki ba kifi, kana jiran bakteriya su hayayyafa a jikin duwatsu, don su ne ke sarrafa amoniyar da kifi ke fitarwa kafin ta kashe shi. Baƙi su leƙa su ce, "Ina kifin?" In ce ƙwayoyin cuta nake jira tukun. Da yawansu ba su sake zuwa ba. Daga baya dai kifi da murjani suka shiga tanki.

Da hunturu ya shigo na yi 'yar tafiya, na bar wa ƙanena amanar cika tanki in ruwa ya ragu. Busasshiyar iskar nan tana ɗebe ruwa ta bar gishiri a inda yake, don haka da ruwan daɗi ake cikawa. Shi kuwa kullum sai ya dama ruwan gishiri ya zuba. Na dawo na tarar da awo a 1.031.

"Yaya, kai fa ka ce teku ne. Wa ya taɓa ganin an tsinka teku?"

Ko saukar da gishirin ba a yi da gaggawa, kaɗan-kaɗan ake yi, don murjani ya fi tsanar canjin farat ɗaya a kan komai.

Ina cikin wannan jinya Hajiya mahaifiyata ta zo mana kwana biyu. Ta daɗe tana duban tankin, sannan ta tambayi uwargida ko ana cin kifin. Da aka ce a'a, sai ta ce Allah ya shirya.

Shi murjani mai ƙashi da kalsiyam da kabonet yake gina jikinsa, yana zuƙe su daga ruwa dare da rana. Masu harkar suna riƙe kalsiyam wajen 420, magnisiyam wajen 1,300, kabonet kuma wajen 8 a ma'aunin dKH. Nawa kabonet ɗin ya faɗi zuwa 6. Ina ta ƙorafi a kan tuwo, Hajiya ta ce mene ne shi wannan kabo-kabon. Don in sauƙaƙa mata na ce, "Dangin kanwa ne, Hajiya." Ban yi ƙarya ba, yawancin abin da ke cikin kanwa sodiyam kabonet ne da ɗan'uwansa bayikabonet. Har yau ina nan a kan cewa bayanina ba shi da aibu.

A daren na zuba maganin kalsiyam, da niyyar zuba na kabonet washegari, domin ba a haɗa su lokaci guda. Hajiya kuwa ta jiƙa jar kanwa a kwano ta kwana. Tana idar da sallar asuba ta tace, ta tuttula wa jikokinta a teku.

Ihun yara ne ya tashe ni. Ruwa ya yi fari fat kamar kunun gyaɗa. Kanwa ta cilla pH (awon tsami ko kaifin kanwa a ruwa) sama, ta wuce 8.3 da muke lallaɓawa, kalsiyam ya kama kabonet suka dunƙule suka zama alli, allin ya bi injin juya ruwa da gilashi ya manne. Abin haushin, kalsiyam ɗin da na saya da tsada shi ne yake yawo a matsayin ƙura. Murjani duk ya tsuke ya shige cikin ƙashinsa.

"Ɗan kaɗan fa na sa, kai yaron nan. Ko miyar kuɓewa ta fi shan haka."

Ina mutum zai ɗaga murya ga mahaifiyarsa? Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Hajiya," na ɗauki bokiti. Yini guda ina dama sabon ruwa, ina daidaita gishirinsa da ɗuminsa zuwa digiri 25, ina kwashe tsohon, ga wuta an ɗauke, ga janareta yana shan man da na tanada don mota. Shi ko Nemo, da idona na gan shi yana keta farin ruwan yana neman abinci.

Da yamma Hajiya ta same ni a tsugune ina ɗiga magani a kwalbar gwaji ina ƙirga ɗigo. Ta ce in kanwa ta yi yawa a girki tsami ne maganinta, kuma ta riga ta jiƙa tsamiya. Na roƙe ta da girman Allah ta bar wa kunu.

Da dare na bincika, sai na tarar masu kiwon murjani a Amurka, in pH ya haura musu, farin binega suke ɗigawa a tanki. Ban gaya mata ba. Kwaɗo na sayo na garƙame murfin, makullin yana aljihuna ko masallaci zan je.