Muryar Kaka da Tanderun Gurasa

Rigimar iyakar gona ce ta sa Kawu ya jawo adakar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin gadonsa a Gude. Ya rantse akwai kaset ɗin da marigayi Kaka ya faɗi iyakar kowace gona da bakinsa, daga gindin ɗorawa har bakin rafi. Ni aka kira, tunda ni ne ɗan bokon gidan.

Kaset ɗin ya fito duk fumfuna. Shi zaren kaset leda ce siririya da aka shafe da garin tsatsar ƙarfe, wani danƙo na riƙe da garin, muryar kuma maganaɗisu ne ya jera ta a ciki. In danƙon ya sha raɓar damina, sai zaren ya manne ko garin ya riƙa zuba. Kamfanin Philips da ya fito da kaset a 1963 bai yi wa kowa alkawarin zai ga jikoki ba.

Nan na yi suɓul da baka. Na ce masu adana tarihi a Turai har gasa zare suke yi a tanda, zafin digiri 54, ya wuni yana bushewa. Kawu "gasa" kawai ya ji. Kafin in sallame la'asar ya aika yaro gidan mai gurasa da kaset ɗin Shata, wai gwaji. Ina ruwan tanderu da digiri? Abin da ya dawo, ka rantse ganda ce aka babbake.

Washegari muka bi titin Gwarzo zuwa Kano, muka ɓulla Ƙofar Wambai, inda a da kasuwar kaset ke ci. Da ƙyar muka samu wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya kwance kusoshi biyar, ya mayar da zaren cikin sabon gida, ya share fumfunar da auduga, ya haɗa inda ya tsinke da salatif, ya naɗe da biro. Sannan ya jona rakoda da kwamfutar ɗansa.

"Alhaji, sau ɗaya zai juya. In ta taune shi, sai haƙuri."

Sai ga tarin Kaka, ga sallamarsa. Idon Kawu ya ciko. Kaka ya ci gaba: "To, ita gonar bakin rafi..."

Ƙas! Ihun mai sharhin ƙwallo ya cika shagon. Atlanta ce, 1996, Najeriya na lallasa Ajantina 3 da 2. Ashe ba a karya 'yan kunnuwan kaset ɗin ba, wani ya ɗora a kai, kuma abin da kan gogewar rakoda ya share ba ya dawowa. A bayan sharhin ana jin wani saurayi yana kururuwa, "Amunike! Amunike!", da wata 'yar in'ina da duk Gude ta sani.

Dattijon ya dubi Kawu. Kawu ya gyara hula, ya ce mu yi sauri kada mo-motar Kabo ta cika.