Hajiya Ta Yi Ƙiba a Jidda

Ƙanen babana zai tafi Umra, kuma tun ranar Litinin gidansa a Gummi ya koma wurin karɓar saƙo. Ba mai cewa "Baba, a sa mu a addu'a" sai an gama lissafo jallabiya ruwan toka, agogon kiran sallah, da wani turare da ba a san sunansa ba amma "kwalbar koriya ce". Wata gwaggo daga Bukkuyum tsinken tsintsiya ta aiko, wai tsawon ƙafar jikanta ke nan, "a yo muna takalmi".

Ni kuwa da karambani na ce, Baba, ka san dai tun Satumbar 2025 kwastam suka ce kayan da ba su wuce dala 300 ba ne kaɗai ba a biya wa haraji? Ya ce dala 300 ko dangin uwargida ba za ta sallama ba, balle na amarya.

Amma mu ba kwastam muke tsoro ba, sikelin Jidda ne dodonmu. Shekara da shekaru aka yi ana gaya wa alhazai babbar jaka kilo 32, ta hannu kilo 8, har Allah ya ba matanmu basira suka gane jaka ake aunawa, ba a auna Hajiya. Sai ta sa abaya, ta ɗora abaya, ta ɗora jallabiyar Alhaji, ta yi ɗamara da darduma, ta rufe da hijabi har ƙasa. Matar da ta bar Anka iska na neman ɗaukar ta, ga ta a bakin jirgi mutum biyu na tura ta. Bel ɗin kujera ya ƙi zagayowa. A filin jirgin Sakkwato dangi suka yi ta guɗa, "Hajiya, lallai Makka ta karɓe ki!" A gida aka zaunar da ita tsakar gida ana ɓare ta kamar albasa, kowane ɓawo da mai shi. Ta can ciki, wadda ta sha gumin Jidda, ita ake rububi, wai ta fi albarka. Kafin la'asar Hajiya ta koma yadda take, maƙwabta suka fara raɗe-raɗin ko sammu aka yi mata.

Abin da ke ƙona mini rai, mutum ya sayar da shanun huɗarsa ya tafi, kai ko kuɗin mota zuwa Sakkwato ba ka ba shi ba, amma kai ne mai jujjuya tazbaha kana cewa ta roba ce. Eh, ta roba ce, 'yar China ce ma, kuma jallabiyar da kake taƙama da ita akwai ta jibge a Kantin Kwari.

Haƙorin Makka kuwa ban taɓa jin an biya masa harajin ko sisi ba. Zinaren Bagega yana fita ba wanda ya ɗora shi a sikeli, gwamnati ta hana haƙa a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, mu dai abin da ke dawo mana ɗan ƙyalli ne a bakin Alhaji. A ba jami'i guda tocila a ajiye shi ƙofar fita, duk wanda ya sauko a ce, "Alhaji, barka da sauka, ɗan yi murmushi."