Allah Ya Ja Zamanin Mataccen Maleji

Cikin masu hidimar noman rani a yankin Kura da Bunkure, babu wanda aka danne wa haƙƙin yabo kamar malejin tsohuwar roka. Ana yabon Audu Bako, wanda aka kammala madatsar Tiga a zamaninsa a 1974. Ana yabon Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are mai sako ruwa. Ana yabon manomin da ke kwana ban-ruwa cikin sanyin hunturu. Amma bawan Allahn nan da ke bayan sitiyari, gilashinsa ya yi ƙura, allurarsa kwance kan sifili shekara da shekaru, ko sannu ba a yi masa.

Halinsa na farko riƙon amana. A Kwanar Gafan ake jera kwandunan tumatir har su zarce bodin mota, a nufi kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Tumatir ba ya jiran kowa, rana na yi yana narkewa, dillali kuma na bugo waya: "Har yanzu ba ku wuce Zariya ba?" Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wadda aka sa ran za ta rage wannan tsere, ta sha buɗewa da rufewa, don haka komai ya koma kan totur. Da malejin mai surutu ne, da ya dinga nuna wa direba 90, 100, yana tayar masa da hankali a banza. Namu kuwa ya san girman maigidansa. Ya gani, ya yi shiru.

Na biyu, bin doka. Ƙa'idar hanya ta ce manyan motoci irin tirela kada su wuce kilomita 60 a awa a kan tagwayen hanya, kuma tun Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. To wace na'ura ce ta kai malejinmu ƙayyadewa? Bai taɓa nuna 61 ba. Bai ma taɓa nuna 1 ba. Shi ya sa in an zo shinge ba a ɓata lokacin leƙa shi. A gaisa da direba ta taga, hannu ya haɗu da hannu, a ce Allah ya kiyaye hanya. Mutumin kirki ba a bincikensa.

Na uku, yana hana tsufa. Lambobin da ke ƙirga tafiya sun tsaya tun ranar da allura ta kwanta, saboda haka a rubuce motar yarinya ce ɗanya shakaf. Lokacin juyen baƙin mai ba ya cika, lokacin duba birki ba ya zuwa, ranar sayarwa kuma Alhaji mai mota ya nuna wa mai saye lambobin ya ce, "Duba da idonka, ba ta yi aiki ba."

Duk da haka ba a rasa 'yan neman fitina masu cewa a gwada shi a ga ko yana aiki. Abin haushi, gwajin ba shi da wuya. Bakanike zai shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, ya kwance wayar maleji daga jikin giyabos. A cikin kwansonta akwai wata siririyar waya mai lanƙwasuwa, bakinta kusurwa huɗu. Ya murza ta da yatsu ko ya maƙala ta a injin huda, yaron mota na sama yana kallon allura. In ta ɗaga, agogon ƙalau yake, ɗan haƙorin da ke juya wayar ne ya cinye. In tana rawa, giris ya bushe ko kwanson ya lanƙwashe. In ba ta motsa ba, a zaro wayar a ga ko ta tsinke. In wayar lafiya take, ciwon na cikin agogo ne, inda mayen ƙarfe ke juyawa yana jan wani ɗan kofin alminiyom, siririn sifirin na mai da allura gida. Dabara ce da wani Bajamushe, Otto Schulze, ya yi wa rajista tun 1902, babu kwamfuta a ciki balle a ce sai an kai Legas. In an gyara ana so a san ko gaskiya yake faɗa, wayar hannun yaron mota ma tana nuna gudu, kuma kowa ya san motar da ta cinye kilomita ɗaya a minti ɗaya, 60 take yi.

Kun ga haɗarin da ke ciki? Kafin shayin mai shayi ya huce, direba ya san gudun da yake yi, wanda ya sani kuwa ba shi da uzuri. Shi ya sa in yaro ya yi suɓul da baka ya ce, "Oga, ba za a duba malejin nan ba?" sai a ba shi amsar da ta dace: "Kai, maleji ne ke jan mota? Kunnena ne malejina." Haka ne kuwa. Kunnen da ya kwana biyu bai yi barci ba, ya sha ƙarar inji da rediyo, ai ya fi kowane ƙarfen Bature iya lissafi. Masu ilimin boko na cewa in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa huɗu take yi, balle da lodi ya wuce kima. Su suka sani. Mai babur ɗauke da buhun shanshera, da 'yan makaranta masu tsallaka titi a Kura, da makiyayi mai koro shanu zuwa bakin kanal, ai duk suna da ido, sai su kauce.

In kuma tsautsayin da ba ya wuce ranarsa ya faɗa, a nan ake sanin ranar mataccen maleji. Kwanduna sun watse, titi ya yi ja, an kwashi wasu zuwa asibiti, wasu zuwa gida don sutura. A leƙa gaban mota a tambayi shaida: gudu nawa ake yi? Sifili. Abin da ya faɗa jiya shi ya faɗa yau, ba ya canja magana. Da wannan shaida sai kowa ya ce ƙaddara ce, a yi addu'a, a kira bakaniken bodi.

Don haka ina ba da shawara a yaɗa wannan alheri. A cire allurar ma'aunin hawan jini a asibitoci, cutar ta ƙare. A tsayar da sikelin masu sayen shinkafa, kowa ya ɗaga buhu ya faɗi nauyinsa da ka. A kuma kashe mitar famfon gidan mai, yaron da ke zuba gas ya riƙa aunawa da kunne. Na san Alhaji mai mota zai fi kowa murna da wannan ta ƙarshe, shi da yake fitowa da kansa ya tsaya kan famfo, ya gyara tabarau, ya ƙirga kowace lita.