Kifin Nemo a Tamale da Ire-iren Masu Kiwonsa

Kifin da yara ke kira Nemo, tun bayan fim ɗin kamfanin Pixar na shekarar 2003, ƙaramin kifi ne mai launin ruwan lemo da ratsin fari uku, wanda masana ke sanyawa a dangin Amphiprion, Turawa kuma suka laƙaba masa sunan da ya yi daidai da ɗan kama a Hausa. Jinsinsa ya kai kusan 30, dukkansu a tekun Indiya da Pasifik da Bahar Maliya, babu ko ɗaya a Atlantika, don haka ko masuntan Elmina da Tema na gaɓar tekun Gana ba sa jawo shi a komarsu. Duk wanda ya ƙudura ajiye shi a Tamale, babban birnin Yankin Arewa na Gana mai nisan kimanin kilomita 600 daga Akra, sai ya haɗa wa kansa teku a cikin akwatin gilashi. Kifin ba shi da tsirfa, yakan shekara goma ko fiye idan ya sami ruwan da ba ya sauya hali, sai dai masu kiwonsa ne kowa da irin kiwon da ya karɓe shi.

Mai gaggawa shi ne ya fi yawa. Ƙa'ida ita ce ruwan da aka haɗa yau ba ya ɗaukar kifi sai bayan mako 4 zuwa 6, domin kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, gubar da ke ƙona gaɓoɓin numfashinsa, kuma dole a jira wasu ƙwayoyin bakteriya su zauna a jikin duwatsu da matata, su mayar da ita nitirayit, wasu su mayar da wannan nitiret, wanda cutarsa ba ta kai ta biyun farko ba. A wurin mai gaggawa, akwati fanko da fitila a kunne har mako shida abin kunya ne a gaban baƙi, shi ya sa yakan sa a ɗoro masa akwatin da kifin a mota ɗaya daga Akra, tafiyar sama da awa goma, ya juye su ranar Alhamis, kafin Juma'a ta sama kuma yana rantsuwa cewa marar lafiya aka sayar masa.

Mai tsumulmula kuwa a kan gishiri yake faɗuwa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35, wato akwati mai lita 75, wanda shi ne madaidaici ga kifi biyu, yana cin sama da kilo biyu da rabi na haɗaɗɗen gishiri mai sinadaran kalsiyam da maganeziyam da masu hana ruwa yin tsami. Da ya ji farashinsa sai ya yanke hukuncin cewa gishiri gishiri ne, ya nufi kasuwar Aboabo ya auno na miya, idan kuma ya taɓa karatun tarihi ya kafa hujja da gishirin Daboya da fatake suka daɗe suna fatauci da shi, kamar kifin zai yi masa kara saboda darajar kakanni. Yana da ɗan'uwa mai tsananin tsantseni, wanda ya ji cewa ruwan famfon da ake tacewa a Dalun daga kogin Farar Bolta yana da kulorin, sai ya koma ga fiya wata, ya zauna yana fasa leda 150 da haƙori. Akwai kuma mai kyakkyawar niyya marar lissafi, wanda idan hunturu ya shanye ruwan akwati sai ya cike gurbin da ruwan gishiri, ya manta cewa ruwa kaɗai ke tashi, gishirin yana nan, har kifin ya kama hanyar zama kobi, wato karfasar da mutanen Gana ke cuɗawa da gishiri su shanya.

Zafi ne ke fito da bawan kifi. Ruwan yana son ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, alhali a watan Maris zafin Tamale kan taɓa 40, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar numfashi sosai, ta yadda idan aka yi dumso, kalmar Akan da ta zama sunan ɗauke wuta a duk ƙasar, famfon da ke motsa ruwan ya tsaya, sa'o'i kaɗan sun isa su kashe kifin. Bawan kifi yakan sayi janareta da na'urar sanyaya ɗaki domin akwatin, iyalinsa suna kwana a tsakar gida suna fifita, ya daina zuwa biki ko gaisuwar da za ta kai shi kwana, har uwargida ta riƙa kiran akwatin amarya, ba kuma da wasa take faɗa ba. Duk da haka ya fi maƙwabcinsa da ke jefa dunƙulen ƙanƙara kai tsaye, ya girgiza kifin da sanyi ya kuma tsinka masa gishiri a lokaci guda, bayan fanka a saman ruwan da gorar ƙanƙara a rufe sun wadatar. Shi kuwa mai karamci, wanda bai yarda baƙo ya ƙoshi da abin da zai cinye cikin minti biyu ba, yakan ƙara masa da ɓarɓashin ƙosai da gutsuren tuwon zafi.

Babu wanda kifin nan ya fi wahalarwa kamar mai haɗa aure. Irin wannan dattijo yakan aika a sayo masa namiji ɗaya da mata biyu, ko uku idan hali ya yi, bai san cewa dukkansu maza ake ƙyanƙyashe su ba, wanda ya fi girma da ƙarfi ne ke rikiɗa ya zama mace ya shugabanci gidan, mai bi masa ya zama mijin, sauran su zauna a layi ba aure ba girma. Idan macen ta mutu sai mijin ya rikiɗa ya gaje ta, kuma babu komawa, abin da masu fim suka kauce wa, don da sun bi ilimi da uban Nemo ya ƙare a matsayin uwa. Haɗa mata biyu a akwati ɗaya faɗa ne har sai ɗaya ta kwanta dama, shi ya sa masu sani ke zaɓen ƙanana biyu na jinsin ocellaris waɗanda aka haifa a gidan kiwo, su bar su su sasanta kansu. Dattijon da ya raɗa wa babban kifinsa suna Sarki yakan wayi gari ya tarar Sarki ya yi ƙwai a jikin dutse, ƙaramin kuma yana gadi yana yi musu fifita har kusan mako guda, daga nan ba ya ƙara tayar da zancen a majalisa.

Mai son a sani ba ya natsuwa sai ya sayo furen teku, dabbar nan mai kama da fure da ke harbin sauran kifaye amma take ba wannan mafaka, ko da yake tana buƙatar haske mai ƙarfi da akwatin da ya yi watanni da kafuwa, kuma sau da yawa kifin gidan kiwo kan yi biris da ita ya tare a jikin bututun famfo.

Saura baƙo, wanda bai mallaki kifi ba amma ba a rasa shi a gaban akwati. Yakan tambayi kuɗin a sidi, ya lissafa karfasar madatsar Bontanga nawa za su saya, sannan ya ce, "Alhaji, yaushe zai girma a soya?", ba tare da sanin cewa kifin ba ya wuce santimita 11 ba. Shi ne kuma na farkon zuwa jaje ranar da aka tsinci kifin a kife, inda yake tabbatar wa mai gida cewa kambun baka ne, tun da kowa ya shigo sai ya yaba, mai gida kuma ya gyaɗa kai, ma'aunin gishiri yana kan kabad cikin ledar da aka sayo shi.