Taubashina na Gummi zai sallami fitilunsa

Taubashi, labari ya iso mu Anka cewa za ka kwance duk na'urorin da ka cika gidanka na Gummi da su, ka sa sababbi. Wai tsofaffin sun daina jin magana. To ai gado suka yi, mai gidan ma ba ji yake yi ba.

Bari in gaya wa masu karatu abin da ke gidan. Akwai makunnin injin burtsatse mai layin waya a ciki, sai an aika masa tes yake tashi. Akwai ƙwayayen fitila da soket masu aiki da Wi-Fi, da ƙararrawar ƙofa mai kyamara wadda yaran unguwa suka mai da wurin ɗaukar hoto. Alhaji na zaune a zaure zai danna waya fitila ta kama, ga makunni nan daidai kafaɗarsa. Umarnin kuwa sai ya bi intanet ya je rumbun kamfani a wata ƙasa ya dawo, sannan ƙwan da ke bisa hularsa ya ji.

Satumbar 2021 ce ta tona maka asiri. Ranar 3 ga wata hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Aka ce mako biyu ne. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mu na yamma, Anka da Bukkuyum da Gummi, muka ci gaba da jira. Lokaci ne mai wuya, ba shi nake yi wa dariya ba. Kai nake yi wa. Injin ruwa ya zauna jiran tes ɗin da ba zai zo ba, waya ta daina kunna fitila, aka ga babban mutum da tocila yana laluben bango, sai da uwargida ta nuna masa inda makunni yake a gidan da ya gina da kuɗinsa.

Yanzu wani yaro mai haɗa sola daga Bukkuyum ya hure maka kunne da Zigbee. Tsakani da Allah bai yi ƙarya ba. Na'urorin Zigbee da junansu suke magana a cikin gida, ƙarƙashin wani ɗan akwati da ke shugabantarsu, ba ruwansu da layin waya. Ba su da cin wuta, har ɗan abin da ake liƙawa a ƙofa yakan shekara da batiri ɗaya mai kamar kwabo. Saƙo kuma hannu da hannu yake tafiya, yadda leburori ke miƙa kwanon kankare ranar zuba dakin.

Ga abin da yaron bai faɗa ba, don ya ga fuskar mai saye. Masu miƙa saƙon su ne waɗanda ke jone da wuta, masu batiri barci suke yi sai an taɓa su. Da an ɗauke wuta layin ya tsinke, sai fa in akwatin da masu miƙawar duk suna kan inbata. Zangonsu a cikin gida bai cika wuce mita 10 zuwa 20 ba, ga gidanka sashe-sashe, ga katangar ƙasa irin ta kakanmu da ko sallama ba ta ratsawa. Tasharsu kuma ɗaya da ta Wi-Fi, 2.4, in ba a daidaita ba sai su riƙa katse wa juna magana kamar ku a taron gida. Akwatin ma ka tambaya da kyau, don akwai waɗanda tsarin kunnawa da kashewarsu ke ajiye a rumbun kamfani. Mutanen Amurka sun ɗanɗana: a Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe rumbunsa ba sallama, masu gidaje suka wayi gari manhaja ba ta aiki.

Na kuma san halinka da gwanjo. In aka kawo maka Z-Wave, wani tsari irin na Zigbee, da araha, ka sani na Amurka a tashar 908 yake, na Turai a 868, ba sa jin juna. Kayan Amurka kuma na wuta 120 ne, tamu 230. Ƙauri kawai za ka ji.

Kafin ka gama biyan yaron zai dawo ya ce Zigbee ya tsufa, Matter ake yayi, tsarin da Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya, aka fito da shi a Oktoban 2022. Kai kuma za ka gyara zaman hula ka ce a kwance. Ni dai ko me za ka sa, a bar makunnin bango inda yake, a kuma shafa masa jan fenti don ka riƙa gane shi.

Tsofaffin kada ka zubar. Ka ɗaure su a kwali ka ba direban da zai biyo ta Daki Takwas ya sauke mani a tashar Anka. Kada ka ce sun zama kuɗin sharar bana, wannan lissafinsa daban, har da na bara.