Goyon Kaka, In Ji Wa?

Na san ku sarai. Ku ne da zarar yaro ya yi birgima a tsakar gida sai ku taɓe baki, "Ai goyon kaka ne." To Malam mai taɓe baki, wa ya yaye ka? Daren da aka raba ka da nono kana tsala ihu har maƙwabta na leƙowa, a bayan wa ka yi barci? Yau ka tara gemu, shi ne tsohuwa ta zama mai ɓata tarbiyya.

Tana ɓatawa, ban musa ba. Tawa kakar, in Baba ya ɗauko bulala bayanta nake faɗawa, ta ce, "Kai, taɓa min miji ka gani!" Sai ta kwance haɓar zani, ta ƙirgo min kuɗin ƙuli-ƙuli, tana mita wai ita ta gaji da auren da ba cefane. Ƙanwata kuwa kishiya ce, kullum ana rikici a kan ɗankwali.

Ku 'yan boko ba ku gaskata magana sai an ce Bature ya rubuta. To ga shi. A 2000 Rebecca Sear da Ruth Mace suka fitar da bincike a kan tsofaffin bayanan lafiya na wasu ƙauyukan Gambiya. Yaran da kakarsu ta wajen uwa ke raye sun fi samun abinci a jiki, sun kuma fi tsallake mutuwar ƙuruciya. Uban yaro fa? Da shi da babu kusan duk ɗaya. Iyaye maza ku yi haƙuri, ba ni na ƙirga ba.

A Ajantina, da sojoji suka riƙa sace jariran waɗanda suka kama, kakanni mata ne suka haɗa ƙungiya a 1977 suka shiga cigiya, har suka gano jikoki sama da 130. Shugabarsu Estela de Carlotto sai 2014 ta ga nata, bayan shekara 36. Kai ko layin banki ba ka iya jira.

Barack Obama ma tun yana ɗan shekara 10 a hannun kakarsa ya tashi a Hawai, ya kuma ci zaɓen Amurka har sau biyu. Kai da aka yi wa tarbiyyar bulala, ko kansilan unguwarku ka taɓa ci?