Masu Jinyar Ƙwallo a Kaduna, Kowa da Irin Ciwonsa

Goyon bayan ƙungiyar da ke cin kofi ba aiki ba ne, ko yaro ɗan firamare zai iya. Aiki yana ga wanda ƙungiyarsa ta shimfiɗa tabarma a gindin teburi tun farkon kaka, amma duk Lahadi sai ya wanke riga ya nufi fili. A wannan fanni Kaduna ta yaye malamai. Garin da ya fitar da Rashidi Yekini da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal, garin da filin wasansa na Ahmadu Bello ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da 2009, shi ne garin da a 2014, lokacin da Kano Pillars ke ɗaga kofin Firimiya karo na uku a jere, Kaduna United ta zame ta faɗa ajin gajiyayyu. Wanda ya zauna a benci a irin wannan kaka zai ga mutane kala-kala. Ga kaɗan daga cikinsu.

Na farko shi ne Baba Tarihi. Agogonsa ya tsaya a 1989, shekarar da Ranchers Bees ta Kaduna ta doke ASEC ta Abijan ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma. Yana zuwa da ƙaramar rediyo da ba ya kunnawa, da carbi, da hular da ta ga gwamnoni da yawa. Da zarar ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo sai ya juyo: "Yaro, kai ba ka ga Amokachi ba. A nan filin na gan shi, tun kafin Turawan Beljiyam su ɗauke shi." Idan ka ce masa, "Baba, ai a 1988 'yan Tunisiya sun kwashe mana kofi a wasan ƙarshe," zai dube ka sama da ƙasa ya ce, "To ku ku je wasan ƙarshen mana, a kwashe muku." Ba a taɓa cin sa gardama ba, domin duk shaidunsa ko sun rasu ko sun koma Abuja.

Kusa da shi akwai Koci Ba Albashi. Tela ne a Kawo, ko mai gyaran waya a Kasuwar Gumi, amma a fili shi ne shugaba. Tun ba a take leda ba ya riga ya canza mutum uku. "Cire lamba bakwai! Wallahi cire shi!" Koci ya cire lamba bakwai, sai ya dafe kai: "Innalillahi! Mutum ɗaya da ke ƙoƙari shi aka cire." Ya san tsarin da Guardiola ya yi suna da shi a Ingila, yana kuma mamakin me ya hana a buga shi a kan ciyawar da ƙwallo ke tsalle da kanta ba wanda ya taɓa ta. Rabonsa da gudu tun ranar da kare ya bi shi a Unguwar Shanu, amma shi ke faɗa wa ɗan shekara ashirin yadda ake numfashi.

Sai Malam Lissafi, wanda ba ya kallon wasa, yana kallon takarda. A aljihunsa akwai kwalin ashana da aka farke, an cika bayansa da lambobi. Ƙungiya ashirin, wasa 38, maki uku ga wanda ya ci, ɗaya ga canjaras. "Ku kwantar da hankalinku. In muka ci wasanninmu na gida, muka samo kunnen doki ɗaya a waje, 'yan Gombe suka sha kashi, 'yan Ilori suka yi canjaras, mun tsira." Ya san abin da kowa ya sani game da gasar Najeriya, cewa a gida ake tara maki, cin wasa a waje kuwa sai an dace. Matsalar ita ce duk mako lissafin na ƙara tsawo. A farkon zagaye na biyu yana buƙatar taimakon ƙungiya ɗaya. Saura wasa uku, yana buƙatar taimakon ƙungiya biyar da ruwan sama da kuma hukumar gasa ta zare wa wani maki.

Mai Zargi shi ba a taɓa cin ƙungiyarsa ba, sayar da ita ake yi. In an ci su da ɗaya, alƙali ne. In an ci su da huɗu, gola ya karɓa. In ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo, an binne wani abu a bakin raga, shi ya ga mutumin da idonsa, sanye da jar hula. Satar gida a wurinsa iri biyu ce: wadda aka kama mu da ita, wannan zalunci ne, da wadda aka kama baƙi da ita, wannan adalci ne. Ranar da aka ba mu bugun daga kai sai mai tsaron gida a minti na 97, alhali ɗan wasanmu da kansa ya yi tuntuɓe, sai ya gyara zama ya ce, "Yau dai an kawo alƙali mai tsoron Allah."

Akwai kuma Mai Ƙafa Biyu. Asalin gidansa gidan kallo ne a Unguwar Rimi, inda yake cewa "mun sayi ɗan wasa" yana nufin Arsenal ko Madrid. Ya san sunan matar golan Barcelona, bai san sunan kyaftin ɗin ƙungiyar garinsu ba. Amma ya rantse yana tare da Kaduna United a 2010, ranar da ta doke Enyimba a bugun fenareti ta ɗauki Kofin Ƙalubale. Da za a tara duk masu wannan rantsuwa, filin Ahmadu Bello biyu ba zai ɗauke su ba. Da aka ji a 2025 cewa Umar Sadiq, ɗan Kaduna mai taka leda a Sifen, ya shiga cikin mallakar Ranchers Bees, shi ne ya fara sauya hoton WhatsApp ɗinsa. Yana jiran a fara cin wasa ya zo.

Kada a manta da Ɗan Ƙofar Baya. Bai taɓa sayen tikiti ba. Ko dai ya san mai gadi, ko ya riƙo jakar wani ɗan wasa, ko ya jira a buɗe ƙofa bayan hutun rabin lokaci. Da ya samu wurin zama sai ya sayi gyaɗa bashi, ya soma tambayar da ta fi damun sa: "Wai kuɗin ƙofa ina suke zuwa ne?"

Na fi tausayin Mai Rantsuwa. Duk ranar da aka sha kashi sai ya miƙe tun saura minti goma, ya kakkaɓe riga, ya yi shela: "Jama'a ku shaida, ni da wannan ƙungiya har abada. In kun sake gani na a nan ku canza mini suna." Ya hau Keke Napep zuwa Badarawa yana masifa, har direba ya rage masa kuɗi don a rabu lafiya. Uwargida ba ta buƙatar rediyo, daga yadda aka turo ƙyaure ta san sakamako, sai ta ce wa yara, "Ku shige ɗaki, an ci Babanku." Litinin ba ya magana. Laraba yana tambaya, wai don wani abokinsa, ko an sallami koci. Juma'a bayan masallaci ya ji an ce ɗan gaban nan ya warke. Lahadi ƙarfe uku yana kan bencinsa, yana riƙe wa Baba Tarihi wuri. An canza masa suna har an gaji.

Na ƙarshe Mai Ganga, wanda ya juya wa fili baya yana fuskantar jama'a. Ana ci yana kiɗa, ana cin mu yana kiɗa. Wani lokaci sai an taɓa kafaɗarsa an ce, "Malam, a ragarmu ta shiga," ya ce "Allah ya kyauta," ya sauya salo ya ci gaba.

Duk wanda ya zauna cikin waɗannan bayin Allah na minti casa'in zai fita da ciwon kai. Sai dai a lura, ƙungiya ba ta mutuwa ranar da ta faɗa gajiyayyu. UNTL ta Kaduna, inda Yekini ya fara, ba zagin 'yan kallo ne ya kashe ta ba. Ƙungiyar da har yanzu ake zagi, ana yi mata lissafi a kwalin ashana, ana rantsuwa a kanta ana warwarewa, tana da masu ita. Masu kuɗi suna saya su sayar, gwamnati tana tunawa ta manta, 'yan wasa suna neman hanyar Turai. Waɗannan masu surutun ne kaɗai ba su da wurin zuwa, kuma ba su nema ba. Don haka in ka ji Koci Ba Albashi yana ihun a cire lamba bakwai, kada ka hana shi. Ka dai matsa gefe kaɗan, yana magana da yawu.